Yadda zaka koyi sabat, damben takalmi na Faransawa, har ka iya koya wa wani

Sabat, wanda Faransawa ke rubutawa savate ko su ce boxe française, dambe ne da ake yi da hannu da ƙafa, amma abinda ya raba shi da irinsu Muay Thai na ƙasar Thailand ko kikbokzin da ake nunawa a talabijin shine takalmi. Da takalmi ake shiga fage, kuma a duk ƙafarka takalmin nan ne kaɗai aka yarda ya taɓa abokin karawa, banda ƙwauri banda gwiwa, gwiwar hannu da karo da kai kuma dama ba'a maganarsu. Duk abinda zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso, domin tunda bakin takalmi da dunduniya ne makaminka to dole ka zama gwanin tazara, in ka matso da yawa ƙwaurinka ne zai sauka a jikin mutum kuma laifi ne, in kayi nisa iska zaka shura. Shi yasa malaman wasan suke ta nanata magana ɗaya, ka taɓa ba tare da an taɓa ka ba, kuma ni a ganina duk mai koyarwa da ya fara da ƙarfin duka kafin tazara da iya riƙe ƙafa to ba sabat yake koyarwa ba.

Kayan da zaka nema da wurin da zakayi

Fara da takalmin. Na ainihi yana rufe idon sawu, ƙasansa shafaffe ne ba gargada ba tsini, gefensa ba kaifi, igiyarsa kuma ana ɗaure ta a tura ciki ko a zagaya baya don kar ta karci fuskar wani. In baka samu wannan ba tukuna, takalmin 'yan kokawar zamani ko na 'yan boksin zai yi, ko kambas mai laushin ƙasa wanda ba ƙarfe a jikinsa. Abinda bazan taɓa bari ɗalibi ya saka ba shine but ɗin ƙwallo da takalmin gudu mai tudun dunduniya, na farko zai yanki mutum, na biyu kuma yana kama ƙasa lokacin da kake juyawa sai gwiwa ta karɓi murɗar da ya kamata tafin ƙafa ya karɓa, kuma ciwon gwiwa baya saurin tafiya. Asalin wasan ma akan takalmi ya ginu, a farkon ƙarni na 19 akwai faɗan ƙafa na ungwannin Faris, akwai kuma na matuƙan jirgin ruwa a Marsay da ke kudu wanda suke kira shoso, chausson, da sunan takalmin da suke sawa, a 1825 ne Michel Casseux ya buɗe ɗakin koyarwa a Faris ya fara tsara abin ya cire masa irin su ƙwaƙule ido da karo.

Sai safar dambe, oza 12 ko 14 ta ishi babba yin tirenin, da bandejin naɗe hannu, da robar kare haƙori, da kariyar gaba ga maza, mata kuma akwai kariyar ƙirji. Kariyar ƙwauri ma ka nema don a watannin farko zakuyi ta haɗa ƙafa da abokinka ba da gangan ba. A gasa suna saka riga haɗe da wando mai kama jiki, amma a tirenin wando mai sakin cinya da riga ko wacce iri sun isa, 'yan uwa mata da suke son suturta jiki zasu iya saka dogon wando mai faɗi kaɗan da riga mai dogon hannu, abin lura kawai kar wandon ya yi jan ƙasa ya harɗe ƙafa.

Wuri kuma a samu daɓe mai laushi da baya santsi, katako yafi, in siminti ne a share yashi tas domin yashi akan siminti shi ke kada mutum lokacin da yake tsaye da ƙafa ɗaya. In zaka haɗa buhun duka da kanka kar ka cika shi da yashi zalla, yana daskarewa ya koma dutse, ka cusa tsummokara da dusar katako. Alli ma ka siyo, zaka ga amfaninsa yanzun nan.

Mataki na farko, tsayuwa da tafiya, kuma anan zaka daɗe

In kai badame ne ƙafar hagu a gaba, bahago kuma ya juya. Faɗin tsakanin ƙafafu kamar faɗin kafaɗunka, gwiwoyi a ɗan sake, dunduniyar baya a ɗan ɗage, nauyinka a raba kusan daidai tsakanin ƙafa biyun. Wannan rabon nauyin yana da muhimmanci fiye da yadda mutane ke zato, saboda ɗan boksin yana iya jingina akan ƙafar gaba ya sunkuya, kai kuwa kana buƙatar kowace ƙafa ta iya tashi a kowane lokaci, ko don shuri ko don gudun shuri, kuma in ka sunkuyar da kai ƙasa sosai to ka kai fuskarka inda takalmi yake. Don haka tsayuwar sabat ta fi ta boksin miƙewa. Hannaye a sama kusa da kumatu, gwiwar hannu tana rufe haƙarƙari, haɓa a ɗan sauke, ido akan ƙirjin abokin karawa ba akan ƙafarsa ba, daga ƙirji zaka hango kafaɗa da ƙugu duka, su ne ke tona asirin abinda ke tafe.

Yanzu ɗauki allin nan ka ja layi ɗaya dogo a ƙasa. Tsaya a kansa ka yi gaba ka yi baya, in zaka gaba ƙafar gaba ce ke fara tafiya ta baya ta biyo, in zaka baya ta baya ce ke farawa, kar ƙafafu su haɗe kar su harɗe, kuma bayan kowane taku ka duba ko faɗin tsayuwarka na nan yadda yake. Kayi turmi uku na minti biyu biyu da hutun minti ɗaya a tsakani, haka ake lissafin lokaci a wasan, gara jikinka ya saba tun yanzu.

In wannan ya zauna sai ka shiga fita daga layi, wanda shine zuciyar sabat. Iri biyu ne. Akwai dekalaj, décalage, inda ƙafa ɗaya ce kawai ke barin layin ta taka gefe, jikinka ya kauce daga hanyar duka amma kana nan kusa inda zaka iya ramawa nan take. Akwai kuma debordema, débordement, inda ƙafa biyun duka ke barin layin ka koma gefen mutum gaba ɗaya, shi yana kallon inda ka baro kai kana kallon haƙarƙarinsa. Ka sa abokinka ya tsaya a ɗaya ƙarshen layin ya taho maka a miƙe da hannu a gaba a hankali, kai aikinka kawai ka bar layin kafin ya iso, hagu sau ɗaya dama sau ɗaya, ba duka ba komai. Nasan abin yana gundurar matasa, kowa so yake a nuna masa shurin kai ranar farko, amma wallahi wanda ya ba wannan sati uku ko huɗu kafin ya ɗaga ƙafa sai ya wuce wanda ya fara da shuri cikin wata shida, kuma a kowane darasi har na ƙwararru sai an ɗan taɓa shi. Tsallen igiya minti biyar zuwa goma kullum yana taimaka wa wannan sosai don yana koya wa mutum zama akan gaban tafin ƙafa.

Mataki na biyu, naushi

Wannan bazan ja shi ba don boksin ne da kowa ya sani. Da can 'yan sabat mari suke da buɗaɗɗen hannu, hannun yafi aikin karewa, sai Charles Lecour, ɗalibin Casseux, ya ga yadda 'yan damben Ingila ke aiki da dunƙulallen hannu ya ɗauko ya haɗa da shurin Faransa a shekarun 1830, daga nan aka samu abinda ake yi yau. Naushin miƙe na hannun gaba, naushin miƙe na hannun baya, na ƙugiya da ke zuwa ta gefe, da na ƙasa-sama da ke neman haɓa. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa ya bi ƙugu ya fita ta kafaɗa, hannu ya dawo kumatu ta hanyar da ya fita, kuma naushi baya sauka ƙasa da ɗamara. Wanda ya taso a damben gargajiya namu zai ɗan sha wahala anan, domin ya saba hannu ɗaya ne mashi ɗayan garkuwa kuma tsayuwar tana da faɗi sosai, a sabat kuwa hannu biyun duk suna duka duk suna karewa, sai dai shi ɗin yana da abinda wasu basu da shi, baya tsoron fage kuma ya riga ya san ƙafa ma tana kisa.

Mataki na uku, shuri huɗu

Shurin sabat iri huɗu ne kacal, sauran duk da kake gani a bidiyo, na tsalle da na juyi, rassansu ne. Wuraren da ake nufa kuma hawa uku, ƙasa wato ƙafafu, tsakiya wato ciki da haƙarƙari, sama wato fuska da gefen kai. An hana taɓa al'aura, da ƙeya, da tsakiyar kai, da ƙirjin mace.

Kafin shurin kansa akwai ɗana ƙafa, wanda suke ce wa arme, armé, ka ɗaga gwiwa ka naɗe ƙafar kafin ka sake ta. A gasa alƙalai suna kallon wannan, a shurin da ke buƙatar ɗanawa, wanda aka wurgo daga ƙasa ba tare da an ɗana ba baya cikin tsarin. Ka kama bango ko kafaɗar abokinka ka ɗaga gwiwa ka riƙe daƙiƙa goma, ka sauke, ka sake, kowace ƙafa, har sai ka iya tsayawa ba tare da ka kama komai ba.

Na farko fuwete, fouetté, mu kira shi bulala. Ka ɗaga gwiwa ta nuna inda kake son duka, ƙafar da kake tsaye akai ta juya akan gaban tafinta har dunduniya ta kusa kallon abokin karawa, ƙugu ya kwanta gefe ya zama cinya da ƙugu da kafaɗa suna layi ɗaya, sannan ka saki ƙasan ƙafar daga gwiwa ta fyaɗa, tsinin takalmi ko samansa ya taɓa, ka naɗe ta ta dawo kafin ka sauke. Dawowar nan ita ce ake yawan mantawa, ka ɗauka tukunya mai zafi ka taɓa, saurin janyewa ya kai na zuwa ko ya fi. Bambancinsa da shurin Thailand babba ne, su suna wurgo ƙafar gaba ɗaya su sara da ƙwauri su wuce, kai kuwa wuri ɗan ƙarami kake nema da tsinin takalmi, gefen hanta, ƙasan haƙarƙari, cikin cinya, muƙamuƙi, shi yasa baya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya zaunar da mutum kuma shi yasa dole a koye shi da taka tsantsan. Kuskuren da zaka fi gani wurin sabbi shine basa juya ƙafar tsayuwa, sai shurin ya fito a karkace gwiwa kuma ta yi ta ciwo, in ka ga haka ka dakatar da shurin ka sa su suyi ta juyin kaɗai.

Na biyu shase, chassé, shurin tunkuɗa. Ka jawo gwiwa zuwa ƙirji, ka tura ƙafar a miƙe dunduniya ko tafin takalmi ya isa, ka jawo ta ta dawo. Akwai na gaba inda kake fuskantar mutum, akwai na gefe inda ka juya ƙugu. Wannan shi ne mai gadin gidanka, duk wanda ya taho da gudu shi zaka sa masa a ciki ko a cinya ya tsaya, kuma wanda ake yi a cinyar gaba yana lalata wa ɗan boksin duk shirinsa don ba zai iya taka ƙafar ya kawo naushi ba. Amma fa a tirenin a cinya ake sa shi, sama da gwiwa sosai, kuma a hankali, kar ka taɓa bari ɗalibai su tunkuɗi gwiwar juna, gwiwar da nauyi ke kanta in aka tura ta baya jijiya ce ke tsinkewa.

Na uku rebar, revers, shurin da ke zuwa ta bayan hanya. Ƙafar tana tashi ta ciki ta zagayo waje, a na gaba gefen waje na takalmi ne ke taɓawa, a na gefe kuma tafin takalmin ne ke marin mutum. Yana da amfani wurin kawar da safar da ta tare fuska ko shammatar wanda ya saba jiran bulala ta ɗaya ɓangaren. Yana buƙatar sakin cinya, don haka kar ka matsa wa wanda jikinsa bai buɗe ba, ya fara a hawan ƙasa da tsakiya.

Na huɗu kudpiye ba, coup de pied bas, shurin ƙasa ko shara, kuma shi ba'a ɗana masa gwiwa. Ƙafar a miƙe take tafiya tana shafar ƙasa, jiki ya ɗan kwanta baya, gefen ciki na takalmi ya sami ƙafar mutum ƙasa da gwiwa. Ko dai ka buga ƙwauri don ka tsayar da shi, ko ka share ƙafar lokacin da yake ɗora nauyi akanta ya faɗi. Baya da kyan gani irin na sama amma tsofaffin 'yan wasa suna ƙaunarsa, dalili kuwa ka yi shi hannayenka na sama fuskarka na nesa.

Tsarin da nake ba da shawara, kowane shuri a fara shi a iska a hankali ana ƙirga ɗana, saki, naɗe, sauke, sannan a buhu, sannan akan safar aboki, sannan a jiki da taɓi kawai. Kuma a fara daga hawan ƙasa a hau sama, ƙafar hagu da ta dama daidai wa daida, kar a bar ɗaya ta zama 'yar rakiya.

Mataki na huɗu, kare kai

A sabat ba'a koyar da ɗaga ƙwauri a tare shurin ƙasa yadda 'yan Muay Thai ke yi, kaucewa ake. In an kawo maka bulala a cinyar gaba ka janye ƙafar baya ta wuce sannan ka mayar ka rama, ko ka canza tsayuwa gaba ɗaya. In a ciki ne ka ja ƙugu baya ko ka bar layi, in a kai ne ka ɗan kwanta baya ko ka tare da safa da damtse. Ana iya kaɗe ƙafa da hannu a turata gefe don mutum ya juya maka baya, amma ba'a kama ta a riƙe. Doka ɗaya da zaka dasa wa ɗalibi tun farko, duk kaucewa sai ramuwa ta biyo, in ya kauce ya tsaya kallo to ya ba abokin karawa damar sake shiri a banza. Ka haɗa su bibbiyu, ɗaya ya kawo shuri guda sananne, ɗayan ya kauce ya rama da guda, sau goma su canza, in sun saba sai mai kawowa ya zaɓi ɗaya cikin biyu ba tare da ya faɗa ba, daga nan ido ke fara buɗewa.

Mataki na biyar, haɗa hannu da ƙafa

Anan wasan ke fara daɗi. Ƙafa tana aiki daga nesa hannu daga kusa, to gwaninta ita ce wucewa daga wannan tazarar zuwa waccan ba tare da an kama ka a hanya ba. Gwada waɗannan, bulala a cinya da ƙafar gaba, ka sauke ƙafar kusa, naushin gaba da na baya, ka fita ta gefe. Ko naushi biyu a fuska don hannayensa su tashi, sannan tunkuɗa a ciki ta maida shi nesa. Ko ƙafa ɗaya ta yi bulala a hawan ƙasa ta naɗe ba tare da ta taɓa ƙasa ba ta sake yi a sama, wannan ninkin da ƙafa ɗaya alama ce ta ɗan sabat kuma ba zai yiwu ba sai in kana dawo da ƙafa yadda na faɗa. Kullum ka canza hawa, ƙasa sama, sama tsakiya, kuma kowane haɗi ya ƙare da fita daga layi, kar ya ƙare kana tsaye a gaban mutum.

Mataki na shida, karawa

Gasar sabat hawa hawa ce. Akwai aso, assaut, inda taɓi kawai ake, ana ba da maki akan tsafta da dabara da daidai wurin da ka taɓa, wanda ya saki ƙarfi gargaɗi zai samu har a iya korarsa. Akwai na tsakiya inda ake duka da ƙarfi amma da hular kariya da kariyar ƙwauri. Sai komba, combat, na ƙwararru, cikakken ƙarfi ba hula, ana iya sumar da mutum. Mafi yawan masu yin wasan a aso suke tsayawa duk rayuwarsu kuma ba ragi bane, riƙe ƙafar da ke tafe da gudu ta sauka a kumatun mutum ba tare da ta ji masa ba yafi sakinta wuya nesa ba kusa ba.

Kar ka jefa sabbi cikin karawa kai tsaye. Fara da mai sharaɗi, yau ƙafar gaba kaɗai, gobe ɗaya hannu kaɗai ɗayan ƙafa kaɗai, jibi ɗaya yana bin ɗaya yana gudu a cikin da'irar alli. A gaisa kafin a fara a gaisa bayan an gama, akwai gaisuwar wasan da ake yi da hannu daga ƙirji a buɗe shi gefe, kuma in koci ya ce a tsaya to an tsaya ko da shuri na rabin hanya. Duk wanda ka ga ya fara zafi yana rama taɓi da duka, ka fitar da shi ya zauna turmi ɗaya, ba wulaƙanci ba tsawa, amma kar ka kau da kai ko sau ɗaya, in ka bari ɗaya ya yi to sati mai zuwa masu ƙaramin jiki da mata zasu daina zuwa kuma su ne sau da yawa suka fi kama dabarar.

In kai ne zaka koyar

Darasin awa ɗaya da rabi ya isa. Kamar kwata na farko ɗumama jiki, gudu kaɗan, igiya, juya ƙugu da idon sawu, wasan taɓa kafaɗa ko taɓa gwiwa bibbiyu wanda yake koya tazara ba tare da sun san ana koya musu ba. Sai tafiya da barin layi. Sai abu ɗaya sabo na ranar, ɗaya tak, ka nuna shi da cikakken sauri sau ɗaya don su ga inda za'a je, ka nuna a hankali ta gaba da ta gefe, ka faɗi abu biyu da zasu lura da su ka yi shiru ka barsu suyi. Yawan bayani yana kashe darasi, in kana gyara kuma kuskure ɗaya zaka ɗauka a lokaci guda, wanda yafi haɗari ko wanda ya haifi sauran, yawanci ƙafar tsayuwa ce ko hannun da ke faɗuwa lokacin shuri. Bayan nan a saka sabon abin cikin aikin bibbiyu, sai karawa mai sharaɗi, a rufe da miƙe jijiyoyi lokacin da jiki ke da ɗumi, ba'a buɗe cinya da ƙarfi akan sanyin jiki kuma kar ka taɓa danna ɗalibi don ya tsage.

Ka riƙa canza musu abokan aiki, dogo da gajere, bahago da badame, amma a karawa ka kula da nauyi. Yara kuma aso kawai, ba duka mai ƙarfi a kai ko kaɗan, darasinsu ya zama gajere mai yawan wasa, kuma da sanin iyayensu. In akwai mata da suka fi sakewa a ajinsu daban ka ware musu lokaci, in ka samu mace ta ƙware ka bata ajin, a Faransa mata suna gasa a duk matakan wasan kuma suna koyarwa.

Maganar lafiya bana wasa da ita. Wanda ya sha duka a kai ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ya gama na ranar ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, kuma ba zai koma karawa ba sai likita ya yarda. A ƙasashenmu masu zafi a yi tirenin da sassafe ko bayan la'asar, ruwa a kusa ana kurɓa tsakanin turmi, da azumi a maida shi bayan shan ruwa ko a rage shi zuwa aikin dabara mara gumi. Robar haƙori kowa da tasa, safa a shanya ta bayan an gama.

Matakan ƙwarewa ba da ɗamara ake nuna su ba kamar karate, da launin safa ake kiransu, shuɗi, kore, ja, fari, rawaya, sannan azurfa, kuma alama ce ake liƙawa a riga ba wai safar hannun ce ke canza launi ba. Ko da baka da ikon ba da su a hukumance, ka tsara wa ɗalibanka gwaji duk bayan 'yan watanni akan wannan jerin, na farko ya nuna zai iya taɓawa daidai, na gaba ya nuna zai iya kaucewa ya rama, na gaba ya iya taɓawa kafin a taɓa shi, hakan na sa mutum ya san inda yake.

Abu na ƙarshe, bidiyon YouTube zai nuna maka siffar shuri amma ba zai ga ƙafarka ya ce ta karkace ba, don haka ka ɗauki kanka a waya kana yi ka kwatanta, kuma duk damar da ka samu ta tsayawa gaban malami mai takarda ka kama ta. Wasan nan ya taɓa kusan mutuwa, bayan Joseph Charlemont da ɗansa Charles sun tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19, har an nuna shi a wasannin Olamfik na Faris a 1924, yaƙe-yaƙen duniya biyu sun cinye da yawa daga masu yinsa, mutane ƙalilan irinsu Pierre Baruzy ne suka riƙe shi har ya farfaɗo, aka zo aka kafa hukumar sabat ta duniya, FISav, a 1985. Ita da hukumar Faransa su ke da tsarin horar da masu koyarwa, daga mai fara koyarwa zuwa monita zuwa farfesa, kuma ta wurinsu zaka san ko ƙasarka na da hukuma mai rijista. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi makarantar Faransanci sun fi mu sauƙi anan, domin dokokin gasa da takardun jarabawar safa da mafi yawan bidiyon koyarwa masu kyau da Faransanci suke, in kai baka ji to ka nemi wanda ke ji ku zauna ya karanta maka dokokin tun kafin ka tara ɗalibai.